Tarihin 'yan kwana-kwanan sa kai a ƙananan garuruwan Amurka: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa in suka ga jar motar kwana-kwana a hoto daga Amurka sai su ɗauka duk ma'aikatan gwamnati ne masu cin albashi, alhali kuwa mafi yawansu ba haka ba ne, musamman a ƙananan garuruwa inda mai gyaran mota da manomi da malamin makaranta su ne dai 'yan kwana-kwanan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda abin ya faro da yadda ya kawo yau.

Wai da gaske ne ba a biyansu?

Da gaske ne. A ƙididdigar da NFPA, ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, ta fitar ta shekarar 2020, 'yan kwana-kwana a Amurka sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma wajen 676,900 daga cikinsu 'yan sa kai ne, kusan kashi 65 cikin ɗari kenan. Rundunonin kashe gobara a ƙasar sun fi 29,000, kusan 19,000 a ciki babu ma'aikacin albashi ko ɗaya. Kuma wajen rabin 'yan sa kan nan suna garuruwan da mutanensu ba su kai 2,500 ba. Wasu wuraren ana ɗan ba su kuɗin mai ko wani ɗan ihsani a kan kowace fita, wasu jihohin suna rage musu haraji ko su tara musu ɗan abin fansho in sun daɗe, amma ba abin da mutum zai riƙe gida da shi ba ne. Kowa yana da sana'arsa.

Wa ya fara kawo wannan tsarin?

Sunan da aka fi kira shi ne Benjamin Franklin, domin shi da abokansa ne suka kafa Union Fire Company a Philadelphia a watan Disamba na 1736, mutum wajen 30. Amma fa ba daga sama ya tsinto abin ba, a Boston aka haife shi, kuma tun 1718 Boston na da ƙungiyoyin taimakon juna in gobara ta tashi, sai dai su waɗancan sun fi mai da hankali a kan gidajen mambobinsu. Na Franklin kuwa suka ce duk wanda wuta ta kama gidansa a garin za su je. Wannan bambancin shi ne ya sa ake ganin daga nan ne abin ya ɗauki kamar da muka sani yau.

Ƙa'idarsu mai sauƙi ce, kowane mamba ya tanadi bokitan fata na ɗiban ruwa da buhunan yadi na kwashe kayan mutane daga gidan da ke ci, a riƙa haɗuwa ana tattaunawa, wanda ya yi fashin taro a ci shi tara, kuɗin tarar kuma a sayi kayan aiki. Kafin su ma, tun 1648 gwamna Peter Stuyvesant ya naɗa masu zagayen duba bututun hayaƙin gidaje a New Amsterdam, garin da ya zama New York daga baya, don yawancin gobarar lokacin daga nan take tashi, ga gidajen katako, wasu ma rufin ciyawa.

To ya ƙaramin gari yake samun tasa rundunar?

In ka bi tarihin garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya za ka ga labarin kusan iri ɗaya ne, kuma gaskiya yana taɓa zuciya, domin kusan ko'ina sai an yi asara tukuna. Gari ya taso a bakin layin dogo ko kusa da injin yanka katako, shaguna a jere a babban titi duk na katako bango na jingine da bango, ana dumama ɗaki da murhun itace ko gawayi ana kunna fitilar kananzir, wata rana cikin dare a lokacin sanyi wuta ta tashi a shago ɗaya, kafin gari ya waye rabin titin ya zama toka mutane na tsaye da bokitai ba abin da suka iya. Bayan sati ɗaya ko biyu sai a kira taro a coci ko a makaranta ko a saman wani shagon da ya tsira, a rubuta sunayen waɗanda suka yarda, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a yi karo-karo a sayo famfon hannu, sau da yawa ma na hannu ne da wani babban gari ya gama amfani da shi. Wani ya ba da fili, wani ya ba da katako, a haɗu a kafa rumfar ajiye shi a rataya ƙararrawa a kai. Shi kenan runduna ta kafu.

Kamfanonin inshora ma sun taimaka wajen tura mutane, don garin da ba shi da kayan kashe wuta kuɗin inshorarsa tsada yake yi, 'yan kasuwa kuwa sun san lissafi. Har yau ana ba garuruwa maki daga 1 zuwa 10 a kan ƙarfin rundunarsu da ruwansu, 1 ne mafi kyau, kuma makin yana shafar abin da mai gida zai biya.

Akwai kuma manyan gobarar da suka girgiza ƙasar baki ɗaya. Daren 8 ga Oktoba 1871 kowa ya san gobarar Chicago wadda ta kashe mutum wajen 300, amma a wannan daren dai wutar daji ta cinye wani ƙaramin garin masu katako mai suna Peshtigo a jihar Wisconsin, ta kashe sama da mutum 1,200 a garin da kewayensa, kuma har yau ita ce wutar dajin da ta fi cin rayuka a tarihin Amurka. Ƙananan garuruwa su ne suka fi kowa sanin cewa in wuta ta zo ba mai zuwa daga nesa ya cece su.

Da me suke kashe wutar kafin a samu mota?

Da bokiti tukuna. A yi layi biyu daga rijiya ko rafi zuwa inda wutar take, layi ɗaya na miƙa cikakkun bokitai hannu zuwa hannu ɗayan na mayar da waɗanda aka juye, mata da yara galibi su ne a layin mayarwa. A garuruwa da yawa doka ce kowane gida ya ajiye bokitin fata da sunan mai gidan a jiki, in an gama a tara su kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Sai famfon hannu. Wani Bature a Landan mai suna Richard Newsham ya ƙera wani mai kyau, New York ta sayo guda biyu a 1731. Akwati ne a kan taya mai dogayen sanduna a gefe biyu, maza su jeru suna dannawa sama da ƙasa ruwa na fita da ƙarfi, aikin yana cin ƙarfi sosai, 'yan mintoci kaɗan mutum ya gaji a canza shi, shi ya sa runduna ɗaya take buƙatar mutane da yawa. Kuma su ne ke jan famfon da igiya a guje har wajen gobarar. Mesa mai ƙwari ta zo ne a 1807 lokacin da wasu 'yan kwana-kwana biyu a Philadelphia, James Sellers da Abraham Pennock, suka fara haɗa mesar fata da ƙusoshin ƙarfe maimakon ɗinki, sai ya zama ana iya jawo ruwa daga nesa ba tare da ta fashe ba.

Daga baya injin tururi ya shigo da dawakai na jansa, amma wannan kayan manyan birane ne, yana da tsada ga ciyar da dawaki kullum. Ƙananan garuruwa da yawa tsallake wannan zamanin suka yi, daga amalanken mesa da ake ja da hannu sai mota, a shekarun 1910 da 1920, sau da yawa Ford Model T ce aka ɗora mata tanki da tsani.

Me ya sa birane suka koma biyan albashi su kuma ƙauyuka ba su koma ba?

Abu biyu ne. Na farko injin tururi ya rage buƙatar taron jama'a, mutum kaɗan da suka iya injin sun isa. Na biyu kuma rundunonin sa kai na manyan birane sun lalace da gasa da siyasa, har ta kai runduna biyu su haɗu a wajen gobara su kama dambe a kan wa zai fara kama bakin famfon titi, gida na ci. 'Yan siyasa ma sun mayar da su wajen tara magoya baya, William Tweed wanda ya yi ƙaurin suna wajen cin dukiyar New York daga shugabancin wata rundunar kwana-kwana ya taso. Sai Cincinnati ta kafa runduna mai albashi a 1853, New York ta bi a 1865, Philadelphia kanta a 1871.

Amma garin da ke da mutum 800 ina zai samu kuɗin biyan mutanen da za su zauna dare da rana suna jiran gobarar da wataƙila sau kaɗan za ta tashi a shekara? Harajin garin gaba ɗaya ba zai iya ba. Don haka tsarin ya zauna a inda ya fi dacewa da shi, kuma a ƙaramin gari wannan rigimar ta birni ba ta cika samun wuri ba tunda gidan da ke ci ko na ɗan'uwanka ne ko na maƙwabcinka.

In babu kowa a ofis, ya ake sanar da su?

Da ƙararrawar coci ake fara yi, ko wani babban zoben ƙarfe na tayar jirgin ƙasa da ake ratayewa a buga da guduma. Da lantarki ya zo sai jiniya a saman ofishin, wasu garuruwan har yau suna busa ta da tsakar rana don gwaji. Zamanin da ake haɗa waya da hannu kuma, matar da ke zaune a ofishin tarho ita ce komai, ita za a kira, ita za ta kunna jiniyar, 'yan kwana-kwana su ɗaga waya su tambaye ta ina ne ta faɗa musu gidan wane ne. Ba a cika ambaton waɗannan matan ba in ana ba da tarihi, kuma ya kamata a riƙa yi.

Daga shekarun 1960 aka fara ajiye rediyon kira a gidajen mambobi, sai ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a ƙugu, yanzu kuma har ta wayar hannu saƙon ke shigowa. Lambar gaggawa ta 911 ma a ƙaramin gari aka fara kiranta, Haleyville a jihar Alabama, ranar 16 ga Fabrairu 1968. In kira ya shigo mutum zai ajiye abin da yake yi ne kawai, ko cokali ne a hannunsa ko sifana, ya shiga motarsa ya nufi ofis, a wasu jihohin kamar New York da Pennsylvania an yarda ya kunna shuɗiyar fitila don a ba shi hanya.

Ina ruwa a wajen da ba famfon titi?

Ɗaukar abinsu suke yi. Tankoki su riƙa jigila daga tafki ko kogi suna juyewa a wani babban kwarmin roba da ake buɗewa a ƙasa, motar feshi na zuƙa daga ciki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rundunonin karkara da yawa sun samu tsofaffin motocin soja suka mayar da su tankoki da hannunsu, kuma a shekarun nan ne aka kafa ɗimbin rundunoni a yankunan manoma da a da ba su da komai. Garuruwan da ke kusa da juna kuma suna da yarjejeniyar kawo wa juna ɗauki. Wannan ma sai da aka sha wuya aka gyara shi, a gobarar Baltimore ta 1904 an kawo ɗauki daga wasu birane amma bakin mesarsu ya ƙi shiga famfon garin saboda kowa da irin nasa awon.

Kuɗin mota da kaya fa daga ina?

Wani ɓangare daga harajin gari ko na gunduma, sauran kuwa su ne ke nemowa. Ana dafa abinci a ofis a sayar, ana gasa kaji, ana wasan bingo wato wasan sa'a na lambobi, ana bikin shekara-shekara, ana tsayawa a mahaɗar titi da takalmin aiki a hannu masu wucewa na jefa kuɗi a ciki. A da matan mambobi ne ke riƙe da wannan ɓangaren ta ƙungiyarsu ta mata, kuma motoci da yawa da guminsu aka saye su. Tun 2001 gwamnatin tarayya na ba da tallafin sayen kaya amma sai an nema an yi takara. Matsalar ita ce sabuwar motar feshi yanzu tana kaiwa kusan dala miliyan ɗaya, mai dogon tsani ta fi haka nesa, kayan jikin mutum ɗaya da tukunyar iskar shaƙa dubban daloli ne. Ni abin da ke damuna a nan shi ne mutumin da ya ba da darensa kyauta shi ne kuma za a bari da neman kuɗin motar da zai ceci mutane da ita, wannan nauyin ya yi yawa.

Gaskiya ne in ba ka biya ba sai su bar gidanka ya ƙone?

Ana yawan faɗin haka a kan zamanin da kamfanonin inshora ke manna alamarsu a bangon gida, amma 'yan sa kai na Amurka suna kashe wuta ko da alama ko babu. Inda abin ya faru a zamanin nan shi ne yankunan da ba sa cikin harajin kowace runduna, sai mai gida ya riƙa biyan kuɗin shekara. A 2010 a gundumar Obion ta jihar Tennessee an bar wani gida ya ƙone saboda ba a biya dala 75 ba, abin ya tayar da ƙura a ƙasar sosai. Ba haka tsarin yake a mafi yawan wurare ba.

Mata na shiga?

Suna shiga. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce Molly Williams, baƙar fata da ke cikin bauta a New York, wadda ta ja famfo cikin dusar ƙanƙara wajen 1818. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da maza suka tafi fagen daga mata ne suka riƙe rundunoni a garuruwa da dama. A ƙididdigar 2020 wajen kashi 11 cikin ɗari na 'yan sa kai mata ne.

Gobara kaɗai suke zuwa?

Ina, ai gobara yanzu ita ce ƙaramin ɓangaren aikin, ba ta kai kashi 5 cikin ɗari na kiran da ake yi wa rundunoni ba, kusan kashi biyu cikin uku na rashin lafiya ne da ceto. Tsoho ya faɗi a banɗaki, bugun zuciya, haɗarin mota a babban titi a zo a yanka ƙarfe a ciro mutum, ambaliya, wani ya faɗa rumbun hatsi. Wannan ɓangaren ma 'yan sa kai sun daɗe a cikinsa, a 1928 Julian Stanley Wise ya kafa ƙungiyar ceto ta sa kai a Roanoke ta jihar Virginia, bayan tun yana yaro ya ga mutane sun nutse a kogi ba mai iya ciro su. Nauyin abin a ƙaramin gari shi ne wanda za ka ciro daga motar sau da yawa ka san shi, ka san iyayensa, gobe kuma za ku haɗu da su.

Yaya haɗarin aikin yake?

Wuta ba ta tambayar ko ana biyanka. Ranar 17 ga Afrilu 2013 gobara ta tashi a wata ma'ajiyar takin zamani a garin West na jihar Texas, gari mai mutum wajen 2,800, 'yan sa kai suka garzaya, bayan kamar minti 20 takin ya fashe, mutum 15 suka rasu, 12 a cikinsu masu kai ɗauki ne. Ka duba girman garin ka duba adadin. Ban da irin wannan, abin da ya fi kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki shi ne bugun zuciya, sai haɗarin hanya wajen saurin zuwa. A 2022 kuma hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sanya aikin kashe gobara cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, saboda hayaƙin robobi da sinadaran da ke maƙalewa a kaya da fata. Gidajen yanzu ma sun fi na da saurin ci saboda kujeru da katifu na roba ne, shekarun baya mutum na da wajen minti 17 ya fita, yanzu bai fi 3 ba.

Me ya sa ake cewa tsarin na cikin matsala?

Mutane ne ke ƙaranci. A 1984 'yan sa kai sun kusa 898,000, zuwa 2020 sun sauko 676,900 alhali jama'ar ƙasar sun ƙaru kuma kira ya ninka har sau uku. Pennsylvania, jihar da Philadelphia take inda abin ya faro, tana da wajen 300,000 a shekarun 1970, zuwa 2018 saura wajen 38,000.

Wasu na cewa matasan yanzu ne ba sa son taimako, ni ban yarda da wannan ba. A da mutum a garin yake aiki, a masana'anta ko shago ko gona, jiniya na tashi mai gidansa zai ce jeka don shi ma shagonsa na garin. Yanzu masana'antar ta rufe, mutum na tuƙin awa guda zuwa aiki a wani gari, miji na aiki mata na aiki wani ma aiki biyu yake yi, to ƙarfe 11 na safe ranar Talata wa ya rage a garin? Sai dattawan da suka yi ritaya. Ga horo, da can ka zo kawai a ba ka hula da takalmi, yanzu matakin farko kaɗai ya haura awa 100 a jihohi da yawa, ban da na agajin gaggawa. Horon nan alheri ne don yana ceton rai, amma lokaci yake ci, kuma daga daren mutum da ranakun hutunsa ake cire shi. Shi ya sa rundunoni ke haɗewa, wasu na ɗaukar mutum biyu ko uku aiki su riƙe rana 'yan sa kai su karɓi dare, wasu na ba ɗalibai ɗaki kyauta a ofis su riƙa fita kira, wasu kuma na jawo yara tun suna sakandare su fara koyo.

Amurka kaɗai ke da wannan?

A'a. Jamus na da 'yan sa kai wajen miliyan ɗaya, kuma dokarsu ta ce in gari ya rasa masu sa kai ana iya tilasta wa mazauna su shiga. A Chile duk 'yan kwana-kwanan ƙasar 'yan sa kai ne tun daga rundunar Valparaíso ta 1851. Ostireliya ma da su take yaƙar wutar daji.

In mutum na son bin tarihin rundunar wani gari, ta ina zai fara?

Ya fara da littafin taron rundunar, sakatarori sun rubuta komai da hannu, wanda aka ci tara, ranar da aka sayi mesa, gardamar da aka yi kafin a sayi mota ta farko. Sai tsofaffin jaridun garin, ya nemi babbar gobarar da aka yi dab da shekarar kafuwa don galibi a nan zai samu dalilin. Akwai kuma taswirorin Sanborn da aka zana wa kamfanonin inshora tun daga ƙarshen shekarun 1860, suna nuna kowane gini da abin da aka gina shi da shi da inda ruwa yake, har da bayanin kayan kashe gobarar garin a wannan shekarar, kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa da yawansu a intanet kyauta. Amma kafin duk wannan ya je ya zauna da tsofaffin mambobi da matansu da rikoda a hannu, su ne suka san sunayen mutanen da ke cikin hotunan da ke rataye a bangon ofis, kuma yawancin hotunan ba a rubuta komai a bayansu ba.